Injin tururi Stuart 10V yana huci amma ya ƙi juyawa

Tambaya: Salamu alaikum. Injin Stuart 10V ne, wato ɗan ƙaramin samfurin injin tururi, an haɗa shi da kwampreso don gwaji da iska a matsin psi 20. Iska na fita ta bututun fitar da tururi ba tsayawa, fulawil kuma ko motsi. Ina matsalar take?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Malam. Bawul ɗinka ne bai zauna ba. Irin wannan bawul mai zamiya, matsin tururi ne ke danne shi a fuskar silinda, don haka dole notin da ke bayansa, mai haɗa shi da sandar bawul, ya zama sakayau cikin tsagarsa. In notin ya matse, sai ya ɗage bawul, iska ta wuce kai tsaye. Buɗe murfin akwatin da bawul ke ciki, ka goge gefen notin da fayil kaɗan-kaɗan. Sannan ka shimfiɗa samfefa lamba 600 a kan gilashi, ka ɗiga mai, ka goga fuskar bawul har ta yi sumul. Don Allah kada ka goga a hannu, gefuna za su lanƙwashe.

Amsa ta 2: Ka duba saiti ma. Juya fulawil a hankali: ƙofar tururi ta sama da ta ƙasa da ke fuskar silinda su buɗe daidai wa daida. In ɗaya ta fi, juya sandar bawul rabin zagaye. Faifan da ke tura bawul kuma ya riga gwiwar karanshaf, inda fistan ke tura shi, da digiri 90 da ɗan ɗoriya, ta wajen da injin zai juya.

Amsa ta 3: Ranar gwaji da tururi, sa man silinda na tururi. Man mota wankewa yake yi.