Zancen riƙe asirin manya: abin da aka tsayar kan batun Epstein

Ana zargin cewa Jeffrey Epstein, wani attajirin Amurka, ya riƙe asirin manyan mutane don ya tsoratar da su. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu a kai sun yarda cewa zargin yana shiga rai ne saboda an gina shi a kan abubuwan da suka faru da gaske. A 2008 Jeffrey Epstein ya amsa laifin neman lalata da ƙaramar yarinya a Florida, amma wata 13 kacal ya yi a tsare, har ana barinsa ya fita aiki da rana. A Agustan 2019 ya mutu a kurkukun New York, masu gadinsa sun yi ƙarya a rajista, kyamarori kuma ba su ɗauka yadda ya kamata ba. Wa zai ji wannan bai yi tsaki ba?

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a raba abin da kotu ta tabbatar da abin da ake hasashe. Ɗaurin shekara 20 da aka yi wa Ghislaine Maxwell, abokiyar Epstein da ta taya shi safarar ƙananan 'yan mata, a 2022 tabbatacce ne. Cewa Epstein yana tsoratar da attajirai da bidiyo kuwa, a Yulin 2025 FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta ce ba ta ga hujja ba, ko da yake wasu sun ce ba a shaidar hukuma a kan hukuma.

An kuma ja kunne: ganin sunan mutum a jerin fasinjojin jirgin saman Epstein ba ya nufin ya aikata laifi.