Baba ya fara mantuwa, ko motsa jiki zai rage masa gigin tsufa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu shekararsa 72, yana da hawan jini, yana kuma shan maganin suga. Tun bara muka lura yana maimaita tambaya ɗaya a zama guda, ya ajiye carbi ko makulli ya rasa inda ya sa. Amma yana gane kowa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Tun da ya bar kasuwa, daga tabarmar zaure sai gado. An ce mana motsa jiki na taimakawa. Gaskiya ne? Wane iri, na minti nawa, kuma yaushe a wannan zafin namu? Innarmu ma shekararta 65, lafiyarta lau, muna so mu yi mata rigakafi.

Malam na Arkilla:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maku da alheri. Kafin komai ku kai shi a duba shi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ba kowace mantuwa ce cutar mantau, wato gigin tsufa, ba. Ciwon damuwa, raunin ji, da ƙarancin bitamin B12, wanda ke samun masu daɗewa kan maganin suga na metformin, duk suna kawo irin wannan, kuma suna da magani.

Batun motsa jiki kuwa, ya fi amfani tun abin bai yi nisa ba. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011, an raba tsofaffi 120 gida biyu. Waɗanda suka riƙa tafiyar ƙafa sau uku a mako har shekara guda, sashen ƙwaƙwalwarsu mai adana sabbin abubuwa ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin ya ragu. A Finland kuma, a 2015, an ga cewa cikin mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, waɗanda aka haɗa wa motsa jiki da gyaran abinci da aikin tunani da kula da hawan jini sun fi saura kaifin tunani bayan shekara biyu. Amma a Ingila, a 2018, an gwada a kan mutum 494 da cutar ta riga ta kama: jikinsu ya yi ƙarfi, mantuwar ba ta ragu ba. Don haka kada wani ya yi maku alkawarin warkewa. Baba na matakin da ake sa ran amfani. Dalili shi ne jijiyoyin jini: hawan jini da suga suna lalata ƙananan hanyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, tafiya kuma tana sassauta duka biyun, ta gyara barci.

Mai Gashin Ƙashi:
Ɗan'uwa, ga yadda ake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, da na daidaita tsayuwa kwana uku. Wanda ya daɗe zaune ba a ɗora masa wannan rana ɗaya. Makon farko minti 10 kawai a rana, bayan sallar Asuba gari ya ɗan yi haske. Duk mako a ƙara minti 5 har ya kai 30, kwana biyar a mako. Ma'aunin sauri: yana iya amsa hira amma ba zai iya jan dogon karatu ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba. In yana haki har magana ta gagara, an wuce gona da iri.

Na tsoka, a samu kujera mai ƙarfi a jingina ta da bango, ba ta roba mai santsi ba. Ya tashi tsaye ya koma zaune a hankali sau 8 zuwa 10, ya huta minti ɗaya, ya sake. In gwiwa ta ƙi, ya dafa cinya. Sai gorar ruwa mai lita ɗaya, wato kilo ɗaya, a kowane hannu, ya ɗaga zuwa kafaɗa sau 10. Kada ya riƙe numfashi lokacin yunƙuri, yana sa jini ya hau nan take. Na tsayuwa, ya dafa bango, ya sa dunduniyar ƙafa ɗaya gaban yatsun ɗayar na daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sauya. Wannan shi ne wanda aka fi rainawa, alhali faɗuwa guda da karayar ƙugu kan kwantar da tsoho wata da watanni, a kwancen nan kuma ruɗewa ke ƙaruwa. Ku cire masa silifas, ku saya masa kambas mai riƙe dunduniya.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. To zuwa masallaci sau biyar bai wadatar ba?

Hajiya Nas:
Ƙanena, ku auna da agogo. In masallacin na ƙofar gida ne, minti biyu, bai kai ba. In minti shida ne zuwa, shida dawowa, sau uku a rana ya ba shi minti 36, sai dai a ɗan ƙara masa sauri. Ga shi yana gaisawa da jama'a, kaɗaici kuwa na cikin abubuwan da ke janyo cutar. Ku haɗa shi da jika ko aboki, suna tafe suna tilawa ko yana ba shi labarin unguwanni. Tsoho ya fi yarda da "Baba raka ni" a kan "Baba likita ya ce".

Abin da ya fi damuna shi ne maganinsa. In yana kan allurar insulin ko ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, kada ya fita da yunwa. A auna suga. In bai kai 100 ba a na'ura, ya fara cin wani abu, kuma ya sa dabino biyu ko uku a aljihu. Rawar jiki, zufa mai sanyi da ruɗewa alamar suga ya faɗi ne. In awon jini ya kai 180 bisa 110, a fasa ranar, a ga likita. Ya sha ruwan leda ɗaya kafin fita ko da bai ji ƙishi ba, don tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba, musamman mai shan maganin da ke sa fitsari. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura 40, kada ya wuce ƙarfe takwas na safe a waje. Lokacin hunturu ya jira hazo ya lafa, ko ya zagaya cikin gida. Ciwon ƙirji, jiri, ko karkacewar baki, a tsaya a nufi asibiti. Haka in ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a duba zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara, ba tsufa ba ne. Kada a bar shi ya fita shi kaɗai gab da magariba, lokacin ruɗewa ta fi tashi, kuma a sa takarda mai lambar wayarku a aljihun rigarsa.

Inna kuma, don Allah ku daina ƙwace mata tsintsiya da sunan tausayi. Shara, tankaɗe, ba dabbobi abinci, duk motsi ne. Ta zagaya tsakar gida minti 10 sau uku a rana, ta yi tashi-zauna a kujera tare da Baba, ta ci gaba da zuwa Islamiyya. A auna jininta duk wata, a kuma duba mata ido da kunne.