Ɗaga rezolushin a emuleta: gyara tsohon gem yake yi ko ɓata shi?

Awudu: Salamu alaikum jama'a. Ni dai zan faɗi tawa ko da wani zai ji haushi, duk wanda ke buga tsohon gem a emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon injin gem a kwamfuta ko waya, ya bar hoton yadda ya zo daga kamfani to kansa ya cuta. Jiya na sa wasan ƙwallo na PES 6 a PCSX2, emuletar PS2, na ɗaga rezolushin, wato yawan ɗigon hoto, zuwa 3x, wallahi kamar an wanke min ido, lambar bayan riga tana fita tas, layin fili a miƙe sambal, ba irin wanda muke bugawa a gem senta a Aboabo ba da za ka ga ɗan wasa kamar da gawayi aka zana shi. A ɗaga komai har ƙarshe, a kunna duk filtar gyaran hoto da ke ciki, magana ta ƙare.

Kawu Iddi: Wa alaikumus salam. Magana ba ta ƙare ba ɗana, yanzu ma ta fara. Na tsufa ina gyaran talabijin a Asawase, kuma ina gaya maka waɗanda suka zana wasannin nan talabijin mai doro ce a gabansu lokacin da suke aikin. Da ita suka auna kala, da ita suka auna inuwa. Ka cire ta ka ce ka gyara?

Awudu: Kawu da girmamawa, ai don ba su da wadda ta fi ta ne. Da sun samu allon yau ai da shi za su yi aiki.

Kawu Iddi: To bari in ba ka misali ɗaya ka je ka gwada da idonka. Sonic na farko a Mega Drive, injin gem na Sega, na 1991, akwai inda ruwa ke zubowa daga saman dutse. Injin nan ba ya iya yin ruwa mai haske da za ka hango abin da ke bayansa, sai masu zane suka yi dabara, suka ja layi siriri a tsaye su bar gurbi, layi su bar gurbi, sun san wayar bidiyo mai kan rawaya da ita kanta talabijin za su cakuɗa layukan su narke su zama ruwa. Yanzu buɗe shi a laftof ɗinka tsirara, me za ka gani? Ƙarafunan taga. Ruwan ya ɓace, kuma ba wani 3x ko 6x da zai dawo da shi, sai ma ya ƙara fito da ƙarafunan.

Ramatu: Ku yi haƙuri in shigo, Yaya Awudu da Kawu ba a kan abu ɗaya kuke magana ba shi ya sa ba za ku haɗu ba. PES 6 wasa ne na 3D, wato ɗan wasa da ƙwallo da raga duk lissafi ne, kusurwoyi ne da injin ke zanawa a take duk lokacin da hoto ya canza. PS2 yana zana su a wajen 640x448 ko ƙasa da haka. Idan ka ce wa emuleta ta yi 3x, lissafin nan ɗaya take sake zanawa da ɗigo ninki 9, uku a tsaye uku a kwance, don haka gefen abu ke fita a miƙe. Ba ƙarya Yaya ya yi ba, a nan an samu ƙari na gaske. Amma Sonic hoto ne da mutum ya zauna ya ɗiga da hannu ɗigo bayan ɗigo a 320x224, babu wani abu a ɓoye a ƙarƙashinsa da za a tono, iyakar abin da za ka yi ka kumbura ɗigon.

Awudu: Ai shi ya sa aka yi filta ƙanwata. Ki sa filtar xBRZ ki ga yadda yake goge kaifin ɗigon.

Ramatu: Na sa Yaya, kuma na cire. Kintace yake yi, yana duba ɗigo na kusa ya zaci ga inda layi ya nufa, wani lokaci ya dace, amma fuska sai ta koma kamar kyandir da ya narke, rubutu ƙanana ya lanƙwashe, ciyawa ta zama kamar an shafa fenti da yatsa. A katun mai manyan kaloli yana ɗan yin kyau ban musa ba.

Fuseini: Ni duk wannan ba ita ce damuwata ba. Laftof ɗina na hannu ne da na saya a Adum, ba shi da katin girafis daban, ina sa 3x fanka ta fara kuka, sauti ya riƙa ja kamar kaset ɗin da ya sha ruwa, mai sharhi yana magana a hankali, in danna pas sai bayan wani lokaci ƙwallo ta tashi. Awudu kai kana cewa a ɗaga har ƙarshe, ƙarshen wa? Na koma 2x na zaɓi Vulkan a saitin girafis, wasa yana gudu yadda ya kamata kuma na fi jin daɗinsa nesa ba kusa ba. Hoto mai kyau da ke tsayawa ba shi da amfani a wasan ƙwallo.

Awudu: Wannan matsalar injinka ce Fuseini ba ta maganata ba.

Fuseini: Ai yawancinmu a Zongo irin injina gare mu, wasu ma a waya suke bugawa da PPSSPP, emuletar PSP, waya ta yi zafi batiri ya zube kafin a tafi hutun rabin lokaci. In za ka ba mutane shawara ka ba su wadda za su iya ɗauka.

Zakari: Bari in ƙara wani abu da kowa ke tsallakewa, ni ɓangaren wasannin kwamfuta na fi bugawa a DOSBox, emuletar tsohon tsarin DOS, su Prince of Persia da Doom. Doom na 1993 a 320x200 yake, amma a kan monita mai 4:3 ake nuna shi, ma'ana ɗigon ba murabba'i ba ne, ya ɗan fi tsawo a kan faɗi. In ka buɗe a allon yau ba ka gyara ba sai kowa ya gajarce ya yi faɗi, abin da aka zana da'ira ya koma ƙwai a kwance. Layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti, aspect=true, shi ke nan siffa ta dawo. Amma sai ka ga mutum ya ja hoton ya cika allo 16:9 don ba ya son baƙin gefe, sannan ya zo yana neman filta. Gyara siffa tukuna ɗan'uwa. Abu na biyu, ninki ya zama cikakke, in wasan mai layi 240 ne allonka 1080, ninki 4 ya ba ka 960 ka haƙura da ɗan baƙi sama da ƙasa, in ka matsa sai ya cika to ninki huɗu da rabi ke nan, wasu ɗigo su fi wasu kauri, kana tafiya hoton yana rawa.

Kawu Iddi: Allah ya yi maka albarka Zakari. Wannan ja da ake wa hoto yana ci min rai ƙwarai.

Awudu: To na ji na 2D, na sallama wannan. Amma PS1 fa? Kawu kar ka ce min rawar da bango ke yi a PS1 ita ma fasaha ce. Gazawa ce ta injin, kusurwoyi suna tsalle daga ɗigo zuwa ɗigo, hoton da ke jikin bango yana karkacewa in ka matso. Na kunna PGXP, saitin da ke gyara wannan rawar, a DuckStation, emuletar PS1, komai ya tsaya cak. Wa zai ce wannan ɓatawa ne?

Ramatu: A nan ina bayanka Yaya, ni ma ina kunna shi. Sai dai ka gwada Resident Evil na 1996 ko Final Fantasy VII, a can ɗakuna da tituna hotuna ne da aka riga aka zana aka ajiye a ƙaramin rezolushin, mutanen ne kawai 3D. Kana ɗagawa sai mutum ya fito fes kamar an yanko shi da reza, bayansa kuma dishi-dishi, ka ga kamar an manna shi ne a kan hoton ba a cikin ɗakin yake ba. Kuma wasan tsoro in ka daina yarda mutumin yana cikin ɗakin ai tsoron ya tafi. Har PES ɗinka ma duba 'yan kallo a 3x, za ka ga kwali ne a jere, da ba ka lura da su.

Awudu: Na lura da su gaskiya. Amma ni filin nake kallo ba 'yan kallo ba, kuma ba zan koma dishi-dishi don su ba.

Kawu Iddi: Ban ce ka koma ba ɗana. Ƙwallonka ka ɗaga, ya yi kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmarka ta "komai". Yaran yanzu a emuleta za su fara ganin wasannin nan, in suka ga Sonic da ƙarafunan taga a madadin ruwa za su ce mutanen da ba su iya zane ba, alhali sun iya, da kala kaɗan da ƙwaƙwalwa kaɗan suka yi abin da har yau ake nema. Wannan ne ke damuna.

Ramatu: Kawu akwai filtar CRT, wato ta talabijin mai doro, a RetroArch, manhajar da ke haɗa emuleta da yawa, irin su CRT-Royale, tana kwaikwayon layukan talabijin da hasken da ke ɗan malala, in aka haɗa da ta NTSC mai kwaikwayon wayar bidiyo ruwan Sonic yana dawowa. Sai dai tana cin ƙarfin inji kuma ta fi kyau a allo mai ɗigo da yawa, a 1080 akwai masu sauƙi da suka fi dacewa.

Kawu Iddi: Ban taɓa gani ba 'yata, kuma ba zan yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Ina da Sony mai inci 14 a shago tana aiki lafiya, da Mega Drive ɗin da wani ya bari tun tuni. Ki zo da laftof ɗinki mu ajiye su gefe da gefe.

Awudu: Ni ma zan zo da nawa, da xBRZ a kunne, a bar Fuseini da Zakari su kalla su faɗi gaskiya ba tare da an gaya musu saitin kowa ba.

Fuseini: Asabar bayan la'asar in Allah ya yarda, in akwai wuta. Kaset ɗin Sonic fa, akwai shi Kawu?

Kawu Iddi: Akwai, zan goge bakinsa yau da dare in gwada. Zakari kai ka taho da kontirola, tawa maɓallin tsalle ya mutu.