Me ya sa aka yi jigilar bayanan sararin samaniya a jirgi maimakon intanet?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa hoton baƙin rami (wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya hana ko haske kuɓuta) na tarin taurarin M87 da aka fitar a Afrilun 2019 ba ta intanet aka tattara bayanansa ba, a jirgin sama aka kwaso su. Shin da gaske ne, kuma yaya ƙasashe suke haɗa hannu a kan irin wannan aiki?

Ɗalibin Falaki:
Wa alaikumus salam. Da gaske ne, ɗan'uwa. Na'urorin hangen nesa takwas ne suka yi aiki tare a Afrilun 2017, daga Chile, Meziko, Sifen, Hawai, Arizona da ƙarshen kudancin duniya, kuma bayanan da suka naɗa sun yi yawan da turawa ta waya za ta ɗauki lokaci fiye da lodin faya-fayan ajiya a jirgi. Aka kai su cibiyar Haystack a Amurka da ta Max Planck a Bonn ta Jamus. Faya-fayan ƙarshen kudu kuwa sai da suka yi watanni suna jira, domin jirgi ba ya sauka a can cikin hunturu.

Injiniyan Kwamfuta:
Malam ya yi bayani, sai dai wannan dabara ba za ta ɗore ba. Aikin SKA, wata babbar na'urar hangen nesa ta rediyo da aka fara ginawa a 2022 a Afirka ta Kudu da Ostareliya ana sa ran zai riƙa adana kimanin fetabayit 700 a shekara, alhali fetabayit ɗaya terabayit 1,000 ne. Babu mai binciken da zai sauke wannan a kwamfutarsa, shi ya sa ake kafa cibiyoyin ajiya a ƙasashen da ke cikin aikin, mai bincike ya aika lissafinsa can, sakamako kawai ya dawo masa.

Tsohuwar Malama:
Ni a ganina jigila ba ita ce babbar wahalar ba, daidaita tsari ne. Tun 1981 masana falaki suke amfani da tsarin fayil guda, FITS, sannan a 2002 aka kafa ƙungiyar IVOA ta ƙasa da ƙasa mai daidaita tsarin bayanan falaki, don ma'ajiyoyin bayanan ƙasashe su fahimci juna. Ba don haka ba, da fayil ɗin Chile ya isa Bonn lafiya amma an rasa mai buɗe shi.