Nazarin bayanai ko tantance bayanai?

Malam Bello: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ana ta rubuta "tantance bayanai" ana nufin nazarin bayanai, wato "data analysis" da Turanci, alhali aiki biyu ne. Tantancewa ke fara zuwa: a cire layin da anka shigar sau biyu, a daidaita rubutun sunaye. Ƙananan hukumomi 23 ke jihar Sakkwato, amma in wani ya rubuta Wamakko, wani Wamako, Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, 24 zai ƙirga. Sai an gyara wannan ake shiga nazari.

Hajiya Luba: Malam, "bayanai" ɗin ita ce matsalar. Bayani abin da anka riga anka warware ne. Ɗanyen abin sunansa alƙaluma.

Aminu: Hajiya, alƙaluma lambobi ne kawai. Amsar "me ya hana ki zuwa awo?" a takardar bincike fa? Magana ce. Sai an kasa amsoshin rukuni-rukuni, an ba kowane rukuni lamba, sannan a shigar a SPSS, manhajar yin nazarin a kwamfuta.

Hajiya Luba: To ai ta koma alƙaluma ke nan.

Aminu: Ba kowace lamba ake lissafi da ita ba. Lambar waya Excel yana cinye sifilinta na farko, sai an mayar da layin na rubutu. Wa ke neman matsakaicin lambar waya?

Sani: Ku ce data mana.

Aminu: A Tsohuwar Kasuwa in ka ce data, ta waya za a sayar maka.

Malam Umaru: Alƙaluma Hausar rediyo ce, Hajiya. Ƙididdiga munka sani.

Hajiya Luba: Ƙididdiga fannin ilimin ne, Malam, shi ya sa ake cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuma alƙalami tun a makarantar allo munka san shi.

Malam Bello: Mu koma kan magana. A ce farashin buhun albasa biyar: 30,000, 31,000, 32,000, 33,000, na biyar an ƙara masa sifili ya zama 310,000. Matsakaici ya haura zuwa 87,200, farashin da ke tsakiya in an jera su kuwa 32,000. Gano sifilin tantancewa ce, zaɓen ma'auni nazari.

Malam Umaru: Ni dai ba a amsa min ba.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da ya fito shi ne "nazarin alƙaluma", kamar yadda Hajiya ta kawo hujja mai ƙarfi, har misalin albasa na Malam Bello duk lambobi ne. Batun awo da Aminu ya kawo ba ya da yawa a aiki.