Abin da aka tattauna kan tsofaffin faifan garmaho na kiɗan rok

Magana ta yi tsawo sosai kan yadda ake gane bugun farko na faifai, amma kusan kowa ya yarda kar ka yarda da kwali, faifan kansa za ka duba. Kusa da takardar tsakiya akwai fili mara waƙa, a nan ake karce lambobi, ka karkata shi a haske za ka gansu, sai ka kwatanta da na Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faya-fayai. Misali faifan Led Zeppelin II na 1969 bugun Amurka, in ka ga RL a karce to ka dace, wannan aikin injiniyan sauti Robert Ludwig ne, sautinsa na da ƙarfi har allurar garmaho mai araha tana tsalle shi ya sa aka canza shi da wuri. Faifan Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd kuwa, bugun farko na Ingila 1973, alama mai kusurwa uku da ke kan takardar tsakiya shuɗiya ce cike ba zane kawai ba.

Wasu sun dage sai bugun farko, ni dai faifai mai tsafta ya fi min wanda ya sha karce ko na wace shekara ne. Ajiya kuma a tsaye, nesa da rana, zafi na lanƙwasa shi.