Sarki mai ci a bikin gidan da aka tuɓe: zumunci ne ko tsokana?

Baban Khalifa: Jama'a, barkanmu da dare. Ni matsayina a fili yake: sarkin da ke kan gado bai kamata ya halarci auren gidan sarautar da mutanen ƙasarsu suka kora ba. In ya je ya tsokani gwamnatin ƙasar, ko ya nufa ko bai nufa ba. Ku dubi Girka. A Disamban 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama, wajen kashi 69 cikin 100 suka ce ba su son sarauta. A 1994 gwamnatin firaminista Andreas Papandreou ta ƙwace wa tsohon sarki Constantine shaidar zama ɗan ƙasa, ta haɗa da dukiyarsa. Shekara na zagayowa, ran 1 ga Yuli 1995, ɗansa Pavlos ya yi aure a Landan, sai ga Sarauniya Elizabeth, ga sarkin Sifaniya, ga sarauniyar Denmark, ga Sarki Husaini na Jordan, aka ɗunguma fadar Hampton Court cin walima. Don Allah me ake gaya wa Girkawa da wannan taro?

Maman Ummi: Ana gaya masu ɗan'uwanmu ya yi aure, shi ke nan. Alhaji, ka san su wa ka lissafa kuwa? Uwar ango, Anne-Marie, ƙanwar Sarauniya Margrethe ta Denmark ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sarauniya Sofia ta Sifaniya yayar uban ango ce. Mijin Elizabeth ma, Philip, a tsibirin Corfu aka haife shi a 1921, ɗan gidan ne. Bikin farar kaza ai balbela ba sai da gayya ba. Kana nufin gwaggo ta ƙi zuwa auren ɗan ƙaninta don firaministan wata ƙasa zai ɓata rai?

Baban Khalifa: Hajiya, gwaggon da hotonta ke jikin kuɗin ƙasa ba kamar tawa gwaggon ba ce. Sarauniya in ta fito, ƙasa ce ta fito.

Maman Ummi: Sofia dai matar sarki ce, kuma a Girka aka haife ta. Ƙuri'a ta soke gadon sarauta, ba ta soke nono ba.

Malamin Tarihi: Ku ba ni dama in shigo da 1981, don ina ganin a can bakin zaren yake. Da Yarima Charles zai auri Diana, shugabanni biyu sun ƙi zuwa, kuma kowa da dalilinsa. Shugaban Girka Karamanlis ya ƙi, saboda an gayyaci Constantine da laƙabin Sarkin Girkawa. Ba zuwansa ya dame su ba, sunan da aka kira shi da shi ne. Duk rigimar shekarun nan a kan haka take: gwamnati ta ce ya zaɓi sunan mahaifi kamar kowa a ba shi fasfo, shi ya ce gidansu ba su da wani suna, har ya koma yawo da fasfon diflomasiyya na Denmark. Na biyu shi ne Sarki Juan Carlos na Sifaniya, wanda ke da dangantaka ta jini da gidan Ingila. Ya ƙi zuwa don ango da amarya za su hau jirgin ruwansu daga Gibraltar, wurin da Sifaniya ke cewa nata ne. To Hajiya, ina zumuncin ya tafi ran nan?

Maman Ummi: Wannan ai maganar ƙasarsa ce, Malam, dole ya bi gwamnatinsa.

Malamin Tarihi: Madalla, abin da nake so ki faɗa ke nan. Ashe sarakunan nan ba su ɗaga ƙafa sai gwamnatocinsu sun auna. Kuma wannan ya koma kanka, Alhaji: in a 1981 an iya hana sarki zuwa biki saboda tashar jirgin ruwa, da a 1995 an ga fushin Girka zai jawo asara, da an hana su. An auna aka ga zai wuce. Papandreou ma a gida ya sauke fushinsa, kan 'yan majalisar adawa da suka tafi Landan, ya ce su ajiye kujerunsu.

Ɗan'auta: Ni fa duk wannan Kano yake tuna mani. Tun da aka tuɓe Sarki Sanusi a 2020, aka maido shi a 2024, kowane babban ɗaurin aure mutane ba ango suke kallo ba, wa ya zo wa bai zo ba suke ƙirgawa.

Baffa: Yaro, da kama amma ba ɗaya ba ne. A wajenmu mutum ake tuɓewa, gadon yana nan. An tuɓe Sarki Sanusi na farko a 1963 aka kai shi Azare, an tuɓe Sarkin Musulmi Dasuki a 1996, masarauta ba ta rasa sarki ba. A Girka gadon ne kansa aka ɗauke. Sai dai abin da Malam ya faɗa kan laƙabi, mun san shi sarai. Duk wanda ya taɓa shirya ɗaurin auren da tuɓaɓɓen sarki zai zo ya san ba zuwan ne matsala ba. Ina za a sa kujerarsa, sahun gaba ko gefe? Zai shigo da laima da dogarai, ko da mota ɗaya? Sai mai sanarwa ya riƙe makirfo yana zufa, yana lissafin in ya ce mai martaba ya ɓata wa gwamna, in ya ce tsohon sarki ya ɓata wa mai gayya. Sarakuna masu ci kuwa sun daɗe da gano mafita: a tura hakimi ya wakilta, a aika da gudunmawa mai kauri. An sada zumunci, ba a ɗauki hoto ba.

Malamin Tarihi: Ranka ya daɗe, Turawan ma hakimi suke turawa. Da Constantine ya rasu a Janairun 2023, gwamnatin Girka ta ce ba jana'izar ƙasa, a binne shi kamar kowa a Tatoi, makabartar gidansu kusa da Atina. Sarakunan Sifaniya, Denmark, Sweden, Holan da Beljiyam sun je da kansu, amma Sarki Charles ƙanwarsa Anne ya tura, alhali mamacin yana cikin iyayen baftismar ɗansa William. Elizabeth kuwa shekara 70 ta yi kan gado ba ta kai ziyarar aiki Girka ba ko sau ɗaya.

Maman Ummi: To ai ka kawo mani hujja. Sarakuna suka cika Atina, jamhuriya ba ta girgiza ba. A 2010 ma da ƙanin Pavlos, Nikolaos, ya yi aure a tsibirin Spetses, cikin Girkar kanta, Margrethe da Sofia sun je. Me ya faru? An ci an sha an watse.

Yaya Babba: Tun ɗazu ina karantawa, bari in ɓata wa kowa. Hajiya ta ce zumunci, Alhaji ya ce tsokana. Ni na ce suna zuwa ne kawai in sun tabbata gidan ya mutu murus. Ku duba inda abin ke da tsada. Shah na Iran ya rasu a Alƙahira a Yulin 1980, lokacin ana tsare da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran. Shugaban Masar Sadat ya yi masa jana'izar girma, amma manyan baƙin da aka gani su wa ne? Nixon na Amurka, wanda ya sauka daga mulki, da Constantine, wanda aka tuɓe. Sarakunan da suka ci abincinsa a ƙasaitaccen bikin da ya shirya a Persepolis a 1971 kowa ya lafe. Haka a Oktoban 2021 da George na gidan Romanov, tsohon gidan sarautar Rasha, ya yi aure a cocin Isaac na Saint Petersburg. An yi ta kururuta cewa an fi shekara 100 ba a ga irinsa a Rasha ba, amma manyan baƙin irin su Simeon na Bulgeriya da Fu'ad na Masar ne, duk marasa gado. Fadar Kremlin ta ce Putin ba zai taya murna ba, sojojin da suka ɗaga wa ango takubba ma sai da aka tuhumi waɗanda suka tura su. Masu ci ba su je ba, don Rasha ba Girka ba ce, kuma su kansu 'yan gidan Romanov ba su daidaita kan wa ke shugabancinsu ba.

Ɗan'auta: Wato Yaya, in ka ga sarakuna sun cika bikinka, ka san ba a tsoron ka dawo?

Yaya Babba: Ka gane. A ƙarshen 2024 Pavlos da 'yan'uwansa sun sa hannu sun amince da jamhuriya, suka ɗauki sunan De Grèce, aka maido masu da zama 'yan ƙasa. Yanzu kowa ya je bikinsu, ba mai ce masa kanzil.

Baban Khalifa: Yanzu ke nan. Ni 1995 nake magana. A lokacin Constantine yana shari'a da gwamnatin Girka kan dukiyar nan a Strasbourg, sai a 2000 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ba shi gaskiya, a 2002 ta yanke diyya. Mutum yana ƙarar ƙasarsa, shugabannin ƙasashen da ke ƙawance da ita suna zaune a sahun gaba na bikinsa. Wannan ba gidan da ya mutu ba ne, Yaya.

Maman Ummi: Kotun ai shi ta ba gaskiya, ka faɗa da bakinka.

Baban Khalifa: Bayan shekara biyar da bikin, Hajiya. Ranar walima ba wanda ya san yadda hukuncin zai faɗo.